Yadda za ki taimaki yaron da hannu ko ƙafa ke mishi gardama

Assalamu alaikum iyaye, musamman ƴan uwana mata na nan Tawa. Na jima ina son in zauna in rubuta abin ga saboda duk shekara in anka koma lakwal a watan Oktoba, cikin ƴan CI, wato ajin farko, da ake kawo mini in koyar ba na rasa wasu yara da tun satin farko nike gane su. Ba wai ba su da kai ba ne, a'a, ki tambaye shi labari shi zuba miki tsaf, ki ce shi ƙirga shi ƙirga, amma ki miƙa mishi alli da ardwaz sai ki ga ya dunƙule allin cikin tafin hannu kamar mai riƙon muciya, shina dannawa har allin shi karye, harshe a waje zufa na zuba, bai ƙare harafi uku ba ƴan uwanshi sun ɗaga ardwaz sama. In anka fita shan iska shi ne mai tuntuɓe, shi ne wanda ba a ɗauka in za a raba ƴan balo. A gida kuma tuni an laƙa mishi suna, wai sakarai, wai rago, wai mai sanyin jiki ba ya ɗaukar kwano bai ɓarar ba.

Wallahi yawancin yaran ga ba raggaye ba ne, sun fi kowa wahala a aji. Motsin jiki abu ne da ake koyo kamar karatu, wani yaro na ɗaukarshi da kallo kawai, wani kuwa sai an zauna an koya mishi ɗaya bayan ɗaya, kuma koyarwar ba ta son kuɗi, tsakar gidanki ta isa.

Ki fara da sanin yadda jikin yaro ke ginuwa. Daga sama shike farawa shi yo ƙasa, wuya shi tsaya, sai zama, sai rarrafe, sai tsayuwa da tafiya. Kuma daga tsakiyar jiki shike fita waje, baya da ciki su yi ƙarfi, sai kafaɗa, sai gwiwar hannu, sai wuyan hannu, yatsu su ne na ƙarshe. Shi ya sa in yaro bai iya riƙe alli ba, sau da yawa matsalar ba a yatsun take ba, ki dube shi zaune za ki ga ya kwanta bisa tebur ko ya tallabe kai da hannu guda don bayanshi ya gaji. Magini ba ya aza rufi bangon laka bai bushe ba.

Maganar wata nawa ya kamata yaro shi zauna ko shi yi tafiya, nan ne ake tayar wa uwaye da hankali a banza, maƙwabciya ta ce nata wata tara ya taka ke naki har yanzu. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta bi yara lafiyayyu sama da 800 a ƙasashe biyar, Gana da Indiya da Norwe da Oman da Amurka, ta fitar da sakamakon a 2006. Abin da sunka gani shi ne zama ba tare da jingina ba na zuwa tsakanin kusan wata 4 zuwa wata 9, rarrafe tsakanin wata 5 zuwa 13 da rabi, tsayuwa shi kaɗai kusan wata 7 zuwa 17, tafiya kuma daga wata 8 har kusan wata 18. Dubi faɗin tazarar ga, kusan wata goma tsakanin mai saurin tafiya da mai nawa, kuma dukansu lafiya lau suke. Har akwai kamar yara 4 cikin 100 da ba su yi rarrafe da hannu da gwiwa ba sam, wasu jan gindi sunka yi sannan sunka miƙe. In bakwaini ne kuma ki riƙa cire watannin da ya rage a ciki, wanda anka haifa wata bakwai in ya kai wata 10 ki auna shi da ɗan wata 8, haka ake lissafi har shi kai shekara 2.

Amma akwai abubuwan da ba a zama a ce a jira. Yaro ya wuce wata 4 wuyanshi na lilo, ya wuce wata 9 bai zauna ba, ya kai wata 18 bai taka ba, ko jikinshi ya sanƙare ƙafafu na harɗewa in kin ɗaga shi, ko ya saki laƙwas kamar tsumma, ko tun bai shekara ba hannu guda kawai shike aiki da shi ɗayan kullum a dunƙule, ko kuma abin da ya iya jiya ya ɓace mishi, da shina zama yanzu ya daina. Waɗannan ki ɗauki takardar awo ki tafi CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, ki faɗa ma ma'aikacin duk tarihin, ko an sha wuya wajen haihuwa bai yi kuka da wuri ba, ko ya yi shawara idonshi ya yi ɗorawa a satin farko, ko ya taɓa sanƙarau ko masassarar sauro mai jijjiga, don su ne ke taɓa ƙwaƙwalwa. Su za su tura ki gaba, CHR, wato babban asibitin jiha, ko asibitin uwa da ɗa, ki tambaya a haɗa ki da kine, masu motsa gaɓoɓi. Tun 2006 anka sa dokar duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a ƙasar nan, ki tafi da wannan a ranki. In ƙafa ce ta zo a lanƙwashe tun haihuwa, asibitin yara na CURE a Yamai na gyara irinta, kuma tun yaro na jariri ta fi saurin miƙewa. Addu'a muna yi ba ma fasawa, amma dan Allah kar a shekara ana cewa iska ce ko baki yaro na kwance.

Toh mu koma ga jariri mai lafiya. Abu na farko, ƙasa. Ki shimfiɗa tabarma mai tsabta a inuwa ki kifa shi bisa cikinshi shina farke kina kusa, ki sa fuskarki gabanshi ki yi mishi wasa shi ɗaga kai shi neme ki. OMS a shawarwarinta na 2019 ta ce a tara aƙalla minti 30 a yini na wannan kifawa ga wanda bai fara rarrafe ba, ba a zama guda ba, minti biyu yanzu minti biyar anjima. Barci dai a rigingine, kifawa ta farke ce. Goyo kuma ni ba na kushe shi ko kaɗan, ɗan goyo na jin ɗumin uwa shina koyon riƙe wuya, sai dai shawarar ta ce kar a ɗaure yaro wuri guda fiye da awa ɗaya a jere, har da goyon. Na san mai daka da mai zuwa rijiya ba ta da zaɓi, amma in kin sauke tulu ki sauke shi shi ma shi miƙe ƙafa. Dabarar kakanninmu ta zaunar da yaro cikin kwarya ko roba a kewaye shi da zannuwa tana da kyau in wuya ya riga ya tsaya, kar dai shi yini ciki. Keken roba mai taya da ake zura yaro ciki ƙafafu na reto, wannan ban ba ki shawara ba, ba ya sa saurin tafiya kuma shina kai yaro ga murhu da tukunyar ruwan zafi, ƙasar Kanada ma tun 2004 ta hana saida shi. Ki bar shi shi dafa gado, shi dafa turmi, shi dafa ki, ba takalmi in wurin ba ƙaya ba zafin rana.

Daga shekara 1 zuwa 4 ana son yaro shi samu awa uku na motsi a yini. Da can wa zai tsaya lissafin wannan, yara na waje tun safe, amma yanzu ina shiga gidaje a Sabon Gari da Wadata in tarar da ɗan shekara biyu riƙe da wayar uwarshi tun hantsi, yatsa guda ke aiki sauran jiki na barci. Wanda bai kai shekara 2 ba ba shi da abin yi da waya, daga 2 zuwa 4 kuma kar ta wuce awa guda.

Wasanninmu na gargajiya duk abin da masana ke nema na cikinsu, na rantse da na fara karanta abin da ake ba yara a ƙasashen waje sai na ga ai langa ce da ƴar gala-gala sunka sake ma suna. Langa na koya tsayuwa da ƙafa guda, wanda yawancin yara ke fara iyawa da ɗan tsalle wajen shekara 4. Gare, wato tura tsohuwar taya da kara, na haɗa ido da hannu da gudu lokaci guda. Hawan tudun rairayi da gangarowa na ƙarfafa cinya da baya. Gaɗa da tafi na ƴan mata na koya ma hannu biyu aiki tare kuma hannun dama shi ƙetara hagu, abin da rubutu ke buƙata ƙwarai. Carafke kuwa ba ta da na biyu wajen yatsu da ido. Motar kara da ƴar tsana da tuwon ƙasa, duk ki bar su su yi, wanki ne kawai zai ƙaru.

Aikin gida ma haka. Tsintar wake da shinkafa, ɓarar gujiya, zage ganyen zogale daga itacenshi, cura dawo, matse ɗan tsumma in kina wanki, zuba ruwa daga moɗa zuwa buta, buɗe marfin gora da rufewa, zura duwatsun wuya a zare. Riƙon da ake yi da babban yatsa da manuni na fitowa wajen wata 9 zuwa 12, shi ne kakan riƙon alƙalami, kuma duk ayyukan ga shi suke wasawa. Ki kula dai, ƙasa da shekara 3 komi baki suke kaiwa, kar ki bar su da gujiya ko dutse ba ki wurin.

Yanzu ga inda na fi son ku tsaya. Akwai yaron da ya samu duk wannan, ya ci ya ƙoshi, likita ya duba bai ga shan inna ko wata cutar jijiya ba, amma ya kai shekara 5, 6, 7 har yanzu sa maɓallin riga yaƙi ne, cafe balo yaƙi ne, rubutu kuwa kamar kaza ta bi ta kan takarda. Likitoci na kiran abin disipiraksi, wato ƙwaƙwalwa na shan wuya wajen tsara motsi da jera shi, ƙarfin na nan, tsarin ne ke kuɓucewa. Ana ƙiyasta yara 5 zuwa 6 cikin 100 na ƴan makaranta na da shi, ya fi yawa ga maza da bakwaini da wanda anka haifa da ƙaramin nauyi, kuma ba a cika yanke hukuncin shi ne ba kafin shekara 5. Ki lissafa da ajinmu mai yara sittin ko fiye. Sau da yawa kuma ba shi kaɗai shike zuwa ba, shina tafe da wahalar karatu inda haruffa ke rikice ma yaro, ko rashin natsuwa wuri guda, kusan rabin masu shi na da wannan rashin natsuwar. Shi ya sa yaron da karatu ke ba wuya in kin lura da kyau za ki ga sau da yawa tsalle da ƙafa guda ma na ba shi wuya. Kuma ba ya wucewa don kawai an girma, amma ana koyon zama da shi a iya abubuwa sosai.

Bambancin shi ne, ɗan uwanshi in ya ga ana ɗaura igiyar wando sau biyu ya ɗauka, shi kuwa kallo ba ya isarshi. Abin da ya fi aiki shi ne ki koya mishi ainihin abin da kuke so shi iya. In maɓalli ne ku yi maɓalli, in cin tuwo ba zubarwa ne ku yi shi, abu guda a lokaci guda, kuma shi ya zaɓa in zai yiwu.

Ɗan ƙanwata haka shike. Shekararshi 7 ranar Juma'a in za a tafi masallaci sai an sa mishi maɓallin riga ƙanenshi na kallo, ranar nan na same shi bayan ɗaki shina kuka ya ce mini inna ni hannuna ba ya jin magana. Na ɗauko tsohuwar rigar babanshi mai manyan maɓallai na shimfiɗa ta bisa tabarma gabanshi, ba a jikinshi ba, don shi ga abin da yatsunshi ke yi. Na tura maɓallin cikin ƙofar har ya leƙo rabi na ce ja, ya ja ya fito. Kwana uku aikinshi ke nan, ja kawai, amma kullum shi ke ƙarasawa don haka kullum shi ya sa maɓalli. Sannan na rage turawa, sannan na riƙe mishi ƙyallen kawai shi tura shi ja, sannan na janye hannuna. Daga baya munka sa rigar jikinshi, munka fara daga maɓallin ƙasa wanda idonshi ke gani, na wuya shi ne na ƙarshe. Daga ƙarshen aiki ake farawa a yo baya, ki riƙe wannan, haka za ki yi da sa takalmi da ɗaurin zariya da naɗe tabarma.

Dabara ta biyu masanan koya ma irin yaran ga ayyukan yau da kullum a Kanada sunka tsara ta, tambayoyi huɗu ne yaro ke ma kanshi. Mi nike son yi, ta yaya zan yi, in yi, sannan in duba ko dabarar ta yi. In moɗar ruwa ta zube kar ki ce kai kullum, ki ce mi ya faru, ina idonka shike, ruwan ya cika ne ko sauri ka yi. Ɗan ƙanwata da kanshi ya gano in ya manna gwiwar hannu ga haƙarƙarinshi ruwan ba ya tangaɗi, kuma abin da yaro ya gano da kanshi ba ya manta shi. Ki sa ma motsin kalmomi gajeru shi riƙa faɗi, tura, kama, ja. Minti goma kullum bayan la'asar ya fi awa biyu ranar Lahadi, in kin ga ya fara gajiya ku tsaya bisa abin da ya iya.

Rubutu kuma kar ki fara da bik da kaye. Yaro kan iya kwaikwayon da'ira wajen shekara 3, layi biyu masu gicciye wajen 4, mai kusurwa huɗu wajen 4 zuwa 5, mai kusurwa uku wajen 5 zuwa 6, wanda bai iya waɗannan ba ki ce shi yi miki haɗaɗɗen rubutun faransanci cikin ƴan siraran layukan kaye kin ɗora mishi kayan da sunka fi ƙarfinshi. Ku fita tsakar gida ki share rairayi shi zana da kara harafi mai girman tabarma, shi taka shi da ƙafa shi bi shi, sannan da yatsa. Ku koma bango da gawayi ko tsumma jiƙaƙƙe a tsaye, wannan na gina kafaɗa da wuyan hannu. In an zo ardwaz ki karya allin shi zama ɗan guntu kamar gaɓar yatsa, ba wurin dunƙulewa dole yatsu uku su kama. Kireyo ki naɗa mishi ƙyalle ko roba kusa da baki shi yi kauri. Zama ma ki duba, tafin ƙafa shi taɓa ƙasa, in benci ya yi tsawo a sa bulo. Kuma ki tuna yaranmu hanya biyu suke rubutu, da safe hagu zuwa dama a lakwal, da marece dama zuwa hagu a allo da alƙalami da tawada, mai wannan matsala na iya rikicewa, sai ki ɗiga mishi alama inda zai fara kowanne.

Bahago, dan Allah ku bar shi shi yi rubutu da hagunshi. Kusan mutum 1 cikin 10 haka Allah ya yi shi. Cin abinci da gaisuwa da karɓar abu a koya mishi dama cikin lallashi kamar yadda addini da tarbiyya sunka tanada, amma alli a bar mishi hannun da ya fi iyawa, a zaunar da shi gefen hagu na benci don kar gwiwarshi ta riƙa karo da ta maƙwabci.

Maganar bulala nike son iyaye maza su ji, har da mu malamai. Yaron da ke tsoro jikinshi ɗaurewa shike, hannun da ya ɗaure kuwa ba ya rubutu. Na ga yaron da rubutunshi ke da dama-dama a gida amma a aji da ya ji takun mushe bayanshi sai allin shi fara rawa. Ki je lakwal da kanki ko babanshi shi je, ku gaida mushe ko madam da mutunci ku ce ga abin da munka lura, a sa shi gaba, a rage mishi yawan kwafi, a ƙara mishi lokaci, wani abin a tambaye shi da baki. Malam na makarantar allo ma a faɗa mishi. Ku sa a duba idonshi da kunnenshi, wani yaron tabarau kawai shike buƙata. Abinci kuma kar a raina, ƙarancin jini da tamowa na jinkirta zama da tafiya, wake da ƙwai da zogale da hanta in an samu, gishiri mai iyod, gidan sauro, da maganin masassara da ake rabawa gida-gida da damina ga ƴan wata 3 zuwa 59.

Sannan ki nema mishi wasa guda da zai ji shi ma wani ne. Balo na da wuya ga irinsu don komi na gudu lokaci guda, in za ku koyi cafewa ku fara da ƙunshin tsumma babba mai laushi daga taki biyu, kina ja da baya kaɗan kaɗan. Ɗan ƙanwata gare ya zaɓa. Watan farko tayar ba ta taki biyar ba ta faɗi ba, yanzu shina kai ta daga ƙofar gida har wurin mai tebur na bakin layi shi sayo ma uwarshi magi shi dawo da ita, rigar Juma'a kuwa maɓallin wuya kawai ake sa mishi, shi ma mun fara ranar Asabar da ta wuce gaban madubi.